Tambaya da Amsa: Tausa ga Mai Juna Biyu

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan a kan abu ɗaya suke, wato tausa ga mai ciki: ko tana da amfani, ko tana zubar da ciki, da kuma wuraren da ya kamata hannu ya taɓa da waɗanda ya kamata ya ƙyale. Na zaɓi waɗanda suka fi tattaro damuwar masu karatu, na taƙaita su, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Cikina ya shiga wata bakwai, kuma ciwon baya da na kwankwaso sun hana ni barci. Idan aka danna mini bayan nakan ji sauƙi, amma wata ƙawata ta ce in daina, wai tausa ba ta dace da mai ciki ba. Ina gaskiyar take?

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Na san kulawa ce ta sa ƙawarki ta yi miki wannan magana, amma lamarin ba haka yake ba. Ga macen da cikinta ke tafiya lafiya, wadda take zuwa awo kuma ba a gano wata matsala tare da ita ba, tausar baya da kafaɗu da ƙugu ba ta da wata illa da aka tabbatar, kuma tana daga cikin hanyoyi ƙalilan da mai ciki za ta samu sauƙi ba tare da ta haɗiyi ƙwaya ba.

Dalilai ne suka haɗu suka jawo ciwon da kike ji. Yayin da ciki ke turowa, nauyin jiki yana rinjaya zuwa gaba, sai mace ta riƙa banƙarewa ba tare da ta lura ba, kuma naman da ke gefe da gefen ƙashin baya ne ke ɗaukar wannan aiki tun daga safe har dare. Naman ciki, wanda a da yake taya baya riƙe gangar jiki, ya miƙe ya yi rauni. Sannan akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna rilaksin, wanda tare da sauran sinadaran ciki yake sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin ƙugu domin hanya ta buɗe ranar haihuwa. Gaɓar da ta saki kuwa, naman da ke kewaye da ita ne ke ɗaurewa don ya tallafe ta. Shi ya sa fiye da rabin masu ciki suke kuka da baya, musamman a watannin ƙarshe. Tausa ba ta rage nauyin ciki, amma tana sassauta naman da ya ɗaure, kuma a wajen mata da dama wannan ne ke raba su da kwanan zaune.

An yi bincike a kan haka. Tiffany Field, wadda ta kafa cibiyar nazarin taɓa jiki a Jami'ar Miami ta Amurka a 1992, ta wallafa wani nazari a 1999 da aka yi a kan mata 26 masu ciki. An raba su gida biyu, kashi ɗaya ana yi musu tausa ta minti 20 sau biyu a mako har tsawon mako 5, ɗaya kashin kuma suna yin atisayen kwantar da jiki kawai. A ƙarshe waɗanda aka yi wa tausa ne suka ce ciwon bayansu ya ragu, barcinsu ya gyaru, fargabarsu ta lafa. Mata 26 ba su da yawa, don haka wannan bai isa hujjar da za ta kashe magana ba, kuma ina ganin masu tallata tausa a matsayin maganin komai sun wuce gona da iri. Sai dai sakamakon ya yi daidai da abin da matan da kansu suke faɗa.

Kafin a yi maganar ƙarfin hannu, a fara gyara kwanciya. Rub-da-ciki dai ba taki ba ce yanzu. Kwanciya rigingine ma, daga mako na 20 zuwa sama, ba a so ta daɗe, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙasan jiki zuwa zuciya, wadda ta bi ta gefen dama na ƙashin baya. Idan ta dannu, jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, sai mace ta ji jiri da tashin zuciya da gumi, kuma jinin da ke isa ga ɗan ma yana iya raguwa. Ki kwanta a gefe, an fi son na hagu, matashi ɗaya ƙarƙashin kanki, ɗaya tsakanin gwiwoyinki, da wani ƙarami ƙarƙashin cikin don ya tallafe shi. Idan kwanciya ta ishe ki, ki zauna a kujera kina fuskantar majinginarta, ki aza matashi ki kifa hannuwanki a kai. Idan an gama, ki ɗan zauna kafin ki miƙe, saboda jiri.

Akwai ciwon bayan da bai kamata a tare shi da tausa ba. Idan yana zuwa yana tafiya a kan lokaci, ciki na ɗaurewa tare da shi, alhali ba ki kai mako 37 ba, yana iya zama naƙudar bakwaini. Idan ya zo da zazzaɓi ko zafin fitsari, ko ya tsaya a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari, a duba ƙoda. Haka nan idan akwai jini ko zubar ruwa, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya fara ƙwacewa ba da saninki ba. Duk waɗannan na asibiti ne, kuma a ranar.

TAMBAYA: Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya daina shigata. Jiya kuma sharaɓar ƙafata ta hagu ta fara ciwo, ta fi ta dama girma, kuma akwai ɗumi a wajen. Ƙanwata ta ce in bari ta murza mini da ƙarfi jinin ya warware. In bari?

AMSA: Wannan wasiƙa ban jira fitowar mujalla ba, na amsa ta ranar da ta iso, na ce kada kowa ya taɓa ƙafar, ta tafi asibiti nan take. Na kawo ta nan ne domin ita ce mafi muhimmanci a cikin duk tambayoyin da aka aiko.

Kumburin ƙafa iri biyu ne a nan, kuma dole a bambance su. Na farko shi ne wanda yawancin masu ciki suka sani. Jinin da ke jikin mace yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari a lokacin ciki, jiki yana riƙe ruwa, mahaifa kuma tana danne jijiyoyin da ke ɗauko jini daga ƙafafu. Wannan kumburi yana kama ƙafa biyu kusan daidai, ya fi yawa da yamma bayan tsayuwa ko zama, ya ragu da safe. Idan kika danna ƙwauri da babban yatsa kika ɗaga, za ki ga gurbin yatsan ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya cike. Irin wannan, shafa mai taushi daga yatsun ƙafa zuwa sama ba ta da laifi, kuma tana da daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016 kan kula da masu ciki, ta ambaci ɗaga ƙafafu, da sa safa mai matse ƙafa, da tsoma ƙafa cikin ruwa a matsayin hanyoyin rage shi.

Na biyu shi ne abin da mai wasiƙar ta siffanta: ƙafa ɗaya, ciwo a sharaɓa ko a cinya, ɗumi, wani lokaci fatar ta canza launi. Wannan alama ce ta gudan jini da ya daskare a cikin jijiya mai zurfi. Jikin mai ciki yana ƙara wa jini saurin daskarewa domin ya kare ta daga zubar jini ranar haihuwa, kuma wannan tanadi ne ke sa haɗarin gudan jini ya ninka sau huɗu zuwa biyar a kan na macen da ba ta da ciki. Ya fi kama ƙafar hagu, saboda a cikin ƙugu wata babbar jijiya ta gitta ta kan jijiyar da ke ɗauko jini daga ƙafar hagu tana ɗan matse ta. Idan aka murza irin wannan ƙafa, gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya wuce ta zuciya ya toshe jijiyar huhu. Daga nan sai numfashi ya sarƙe, ƙirji ya ɗauki ciwo, wani lokaci a yi tarin jini, kuma ana iya rasa rai cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. A asibiti hoton jijiyoyin ƙafa ake yi a gano shi, a yi maganinsa da allurar hefarin mai tsinka jini, wadda ba ta ƙetarawa zuwa ga ɗan. Haɗarin ba ya ƙarewa da haihuwa. A makonni 6 na farko bayan an sauka ma ya fi tsanani.

Saboda gudan jini yana iya kasancewa ba tare da ya nuna alama sosai ba, ƙa'idar da nake ba kowace mai ciki ita ce kada a matsa sharaɓa da cikin cinya da ƙarfi, ko da ƙafar lafiya take a ido. Jijiyoyin da suka taso suka yi ruɗu-ruɗu a ƙafa ma a ƙyale su, a shafa ta gefensu.

Akwai wani kumburin kuma da nake so a sa wa ido, wanda ke zuwa farat ɗaya ya kama fuska da hannuwa, har zobe ya ƙi fita. Idan ya haɗu da matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to ana zargin hawan jinin masu ciki, wanda ke bayyana bayan mako na 20, jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a kuma samu furotin a fitsari. Yana shafar ciki 2 zuwa 8 cikin ɗari, kuma shi ne ke kai mace ga jijjiga. Babban tsorona game da tausa a nan yake: a ga mace da ciwon kai da kumburi a zauna ana matsa mata wuya da goshi, ta ɗan ji dama-dama, a ce gobe a je asibiti, alhali sa'o'in da ake ɓatawa su ne waɗanda ake bukata.

TAMBAYA: Cikina wata biyu ne, kuma na taɓa yin ɓari sau ɗaya. Kafin in san ina da ciki an yi mini tausa a baya da ƙafafu. Tun da na ji an ce tana zubar da ciki hankalina ya ƙi kwanciya.

AMSA: Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Babu wani bincike da ya nuna cewa tausar baya ko ta kafaɗu tana jawo ɓari. A wata na biyu mahaifa tana can cikin ƙashin ƙugu a killace, ba ta ma leƙo saman ƙashin mara sai wajen mako na 12, don haka hannun da ke bayanki bai kusance ta ba.

Abin da ya haifar da wannan tsoro shi ne yawan ɓari a farkon ciki. Cikin kowane ciki ɗari da aka sani, 10 zuwa 20 suna zubewa, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na ɓarin a watanni uku na farko yake faruwa. Kusan rabinsa kuskure ne a ƙwayoyin halittar ɗan tun daga haɗuwarsu, abin da babu hannun uwa a ciki, babu kuma abin da za ta yi ta hana. To idan ɓari ya faɗo a makon da aka yi tausa, dole zuciya ta haɗa su. Wannan ne ya sa masu sana'ar tausa da yawa ba sa karɓar mace sai ta wuce wata uku, don gudun zargi, da kuma saboda mai laulayi ba ta cika jure ƙamshi da juye-juye ba.

Abin da ya fi dacewa ki kiyaye a wannan lokaci shi ne zafi. Wuraren tausa da dama suna haɗawa da ɗakin tururi ko kwamin ruwan zafi, kuma idan zafin cikin jiki ya haura digiri 39 a makonnin farko, haɗarin nakasa a laka da ƙwaƙwalwar ɗan yana ƙaruwa. Waɗannan ki bar su har ki sauka. Sannan duk wadda ke ganin jini, ko ta yi ɓari a jere, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, ko aka ce mabiyiya ta sauko ƙasa, ko take da hawan jini, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ko take amfani da maganin tsinka jini, ta fara jin ta bakin likitan da ke duba ta kafin a yi mata kowace irin tausa.

TAMBAYA: Likita, ni magidanci ne. Maiɗakina tana da ciki wata shida, kuma kusan kullum da dare tana kukan gajiya da ciwon jiki. Ina so in taimaka mata amma ina tsoron kada in yi ɓarna. Yaya zan yi?

AMSA: Madalla da kai, Malam, kuma ina fata wasu mazan su karanta wasiƙarka. Ba sai ka yi karatun tausa ba kafin ka amfane ta. A wani nazarin da Field ta wallafa a 2004 a kan mata 84 masu ciki da ke fama da ciwon damuwa, abokan zaman wani kashi daga cikinsu ne aka koya wa tausar, suna yi musu minti 20 sau biyu a mako har tsawon mako 16, kuma an ga damuwa da ciwon baya da na ƙafa sun ragu, haka ma sinadarin kotizol da jiki ke fitarwa idan yana cikin matsi.

Ga yadda za ka yi. Ta kwanta a gefe da matasai kamar yadda na bayyana a amsar farko. Ka yanke farce, ka zuba mai kaɗan a tafinka ka murza har ya yi ɗumi. Ka aza tafukanka biyu a ƙasan bayanta, ɗaya a kowane gefe na ƙashin baya, ka tura su a hankali zuwa kafaɗu, sannan ka dawo ta gefe da sassauci. Ƙashin bayan kansa ba a danna shi. Bayan ka yi haka sau da yawa naman ya yi laushi, sai ka sa manyan yatsunka kana zagayawa kaɗan-kaɗan a inda ka ji ya yi tauri, galibi tsakanin kafaɗu da gindin wuya da saman ɗuwawu. Ka riƙa tambayarta ko ƙarfin ya yi, domin gaɓoɓinta sun saki, kuma ja ko murɗa ko taka baya da ƙafa duk babu su a wannan lokaci. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar. Idan ta ce tana jin jiri, ko ciki ya fara ɗaurewa, ko wani waje ya yi zafi, ka tsaya.

Wannan hannu zai yi amfani ranar naƙuda ma, idan wajen haihuwar ya ba da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2018 kan kula da mai naƙuda, ta sa tausa da ɗumama jiki cikin hanyoyin rage ciwo ga macen da ta so. Abin da mata da yawa suka fi jin daɗinsa shi ne a sa gindin tafin hannu a kan faffaɗan ƙashin da ke ƙasan baya a danna a tsaye daga lokacin da ciwon ya taso har ya lafa. Wata kuma idan naƙuda ta yi nisa ba ta son a taɓa ta ko kaɗan, kuma wannan ma a girmama shi.

Ƙari ɗaya: idan ka lura kukan nata ya wuce na gajiya, ta daina jin daɗin komai, ba ta barci ko da jikin ya yi sauƙi, ka raka ta awo ku faɗa wa likita. Ciwon damuwa a lokacin ciki cuta ce da ake magani, kuma tausa taimako kawai take yi.

TAMBAYA: An yi mini hoto a mako na 32 aka ce ɗan a zaune yake, kansa a sama. Wata mata ta ce ta iya juya ciki da hannu, in je ta gyara mini kwanciyarsa don kada a yi mini aiki.

AMSA: Ina roƙonki kada ki je. Da farko dai lokaci bai ƙure ba. A mako na 28 kusan ɗa ɗaya cikin biyar a zaune yake, amma yawancinsu suna juyawa da kansu, har ya zama 3 zuwa 4 cikin ɗari ne kawai ke kaiwa lokacin haihuwa a haka.

Gaskiya ne ana juya ɗa da hannu ta waje, amma likita ne ke yi a asibiti, daga mako na 36 ko 37, kuma kusan rabin lokaci ne ake dacewa. Kafin ya taɓa cikin sai ya duba da na'urar hoto ya san inda mabiyiya take, da yawan ruwa, da yadda ɗan ya kwanta. Ana sauraren bugun zuciyar ɗan kafin a fara da bayan an gama, ana iya ba uwa maganin da ke sassauta mahaifa, kuma ɗakin tiyata yana kusa ko da wani abu zai taso. Wadda jininta yake rukunin nagetif ana yi mata allurar kariya. Duk wannan shiri an yi shi ne domin matsa ciki da ƙarfi yana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa kafin lokaci, ko ya naɗe cibiya, ko ya fasa faya, ko ya yaga mahaifar da ke da tabon aikin da aka taɓa yi mata. Mabiyiya idan ta ɓamɓare, jinin yana iya taruwa a ciki ba a gan shi a waje ba, kuma wanda ke aiki da tafin hannu kaɗai, komai daɗewarsa a sana'ar, ba shi da hanyar ganin haka. Saboda irin wannan haɗari ne ma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da danna saman ciki don turo ɗa a lokacin haihuwa ba.

Shafa ciki a hankali da tafin hannu, irin wadda uwa ke yi idan ɗan ya motsa, wannan babu komai a cikinta.

TAMBAYA: Wane mai ya dace a yi amfani da shi? Ina da man zafi da nake shafawa tun kafin ciki. Kuma da gaske ne shafa mai yana hana nankarwa?

AMSA: Mai mara ƙamshi wanda fatarki ta saba da shi ya isa, domin aikinsa kawai ya sa hannu ya zame. Fatar mai ciki tana saurin ƙaiƙayi, don haka sabon mai a fara gwada shi a ɗan waje a hannu a kwana a gani. Tatattun mayukan ƙamshi da ake sayarwa a ƙananan kwalabe suna da ƙarfi ƙwarai, suna ratsa fata, kuma ba a yi musu isasshen gwaji a kan masu ciki ba. Shawarata a bar su gaba ɗaya a watanni uku na farko, bayan nan kuma sai da izinin likita, a tsarma su sosai, kuma ba a sha.

Man zafi sai an karanta abin da ke jikin kwalinsa. Da yawa suna ɗauke da diklofenak ko ibufurofen ko dangin asfirin. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan wannan rukunin magunguna daga mako na 20 yana iya taɓa ƙodar ɗan ya rage ruwan da yake kwance a ciki, kuma an daɗe da sanin cewa a watannin ƙarshe suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. Abin da ke shiga jini ta fata bai kai na haɗiya ba, amma mai ciwon baya faffaɗan waje take shafawa, kuma kullum. Ki kai shi wajen awo a duba miki.

Batun nankarwa kuwa, nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara a 2012 bai samu ƙwaƙƙwarar hujja cewa wani mai yana hana ta ba. Gado da saurin miƙewar fata ne suka fi tasiri. Mai yana rage bushewa da ƙaiƙayi, kuma layukan suna dusashewa da kansu bayan haihuwa.

TAMBAYA: Wannan ne cikina na fari, kuma ina tsoron ƙari. Na ji an ce akwai tausar da ke hana mace ƙaruwa wajen haihuwa.

AMSA: Akwai, kuma a cikin duk nau'o'in tausar da muka tattauna ita ce ta fi samun goyon bayan bincike. Tausa ce ta naman da ke tsakanin gaba da dubura, wanda kan ɗa ke miƙar da shi wajen fitowa. Nazarin Cochrane na 2013 ya haɗa gwaje-gwaje 4 da suka ƙunshi mata 2,497, ya gano cewa waɗanda suka yi ta a makonnin ƙarshe sun samu raguwar raunin da ke bukatar ɗinki da kusan kashi 9 cikin ɗari, da raguwar yin ƙari da kusan kashi 16 cikin ɗari. Amfanin ya fi fitowa fili ga masu haihuwar fari irinki. Ragi ne dai, ba tabbaci ba, domin girman ɗan da saurin fitowarsa suna da nasu tasirin.

Ana farawa daga mako na 35. Ki wanke hannu, farce a yanke, ki jingina da matasai gwiwoyi a buɗe, zai fi sauƙi bayan wanka. Ki shafa mai mara ƙamshi a manyan yatsunki, ki sa su ciki kamar santimita 3 zuwa 4, ki danna ƙasa wajen dubura da gefe-gefe har ki ji miƙewa da ɗan raɗaɗi, ki riƙe kamar minti ɗaya kina numfashi a hankali, sannan ki riƙa bi daga gefe zuwa gefe ta ƙasa. Minti 5 zuwa 10 ya isa, sau ɗaya ko biyu a mako ma an ga amfaninsa. Bai kamata ya kai ga ciwo mai tsanani ba. Ba a yin ta idan akwai ƙaiƙayi ko ƙuraje ko wani ciwon sanyi a wajen, ko jini, ko faya ta fashe, ko an ce mabiyiya ta tare hanya. Ki tambayi ungozomarki a awo na gaba ta nuna miki, ba abin kunya ba ne a wajenta.

TAMBAYA: Ranar da aka ba ni ta wuce da kwana huɗu. An ce idan aka matsa saman idon sawu naƙuda za ta tashi. Kuma ina da na'urar tausa mai jijjiga, zan iya amfani da ita?

AMSA: Akwai wani gurbi a saman idon sawu ta ciki da masu maganin gargajiyar Sin ke dangantawa da mahaifa, amma gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da cewa matsa shi yana tayar da naƙuda ba. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin masu tsoron a taɓa musu ƙafa, ke kuma kada ki dogara da shi. Na'urar kuwa, a kafaɗu da saman baya kawai, a mafi ƙarancin ƙarfinta, na ɗan lokaci. Kada ta kusanci ciki ko sharaɓa ko cinya.

Wuce ranar da kwana huɗu abu ne da aka saba gani, musamman a cikin fari. Ki koma awo a wannan makon a duba ruwa da bugun zuciyar ɗan, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti idan an tabbatar ciki ya kai mako 41. Idan kuma kika ji motsinsa ya ragu a kan yadda kika saba, kada ki jira ranar awo, ki tafi a duba ki a lokacin, ko da dare ne.